Jinina Ne, A Ba Ni Takardata

Litinin, 17 ga Maris, 1997. Bayan la'asar.

Na dawo daga asibitin Tudun Wada da robar fitsari a jikina da leda ɗaure a cinya, ƙarƙashin wando. Ran Asabar fitsari ya tsaya mini cak. Yini guda da kwana ina murƙususu ina cewa zai wuce, sai da Balaraba ta rantse in ban shiga mota ba za ta fita ta tara mini unguwa. Shekara talatin da takwas da aurenmu, ban taɓa jin ta rantse a kaina ba. Na shiga.

Wannan littafin ragowar na aiki ne, wanda nake rubuta allurar shanu a ciki. Shekara talatin da ɗaya ina malamin dabbobi, daga Kiru har nan Doguwa, ban taɓa fita daga ruga ban rubuta abin da na gani ba. To ga na yau, ni kaina. Hamidu, shekara sittin da biyu. Yana cin abinci. Yana tafiya da ƙafarsa. Bayansa na ciwo tun kaka, bai faɗa wa kowa ba.

Laraba, 19 ga Maris. Hantsi.

A asibiti sun ce in je Kano. Zan je in na ga dama.

Lahadi, 23 ga Maris. Bayan azahar.

'Yata Maijidda ta zo daga Bebeji, ta bar makarantar da take koyarwa da 'ya'yanta uku. Ni ban aika mata ba, uwarta ce. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta na kan ƙafar wandona. Na ce ta dube ni a fuska, nan nake.

Yayana Shitu ma ya shigo da jarkar magani. Ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne, tun rikicin iyakar gona ya san za a yi haka. Na ce, “Yaya, na gode, a ajiye.” An ajiye a bayan rumbu. Can za ta zauna.

Talata, 25 ga Maris. Bayan magariba.

Kano. Mun fita da asuba, dajin Falgore duk ya bushe ƙayau, birai a bakin titi suna kallonmu. Kowane rami direba ya faɗa sai na ji shi a ƙashin bayana. Ban yi ko tari ba.

Likitan sunansa Ɗahiru, bai fi sa'ar Maijidda ba. Ya duba ni ta hanyar da ba zan rubuta ba. Na sha sa hannu a cikin saniya har kafaɗa, don haka ban ga abin kuka ba, amma na ga fuskarsa lokacin da yake cire safar hannu. Na san irin wannan fuskar. Ni ma na sha yin ta a gaban mai garke.

Ya zana mini a takarda. Akwai wani ɗan ƙullutu ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, kamar goro, hanyar fitsari ta ratsa ta cikinsa. Furostet suke ce masa. In mutum ya manyanta yakan kumbura ya matse hanya. Wani lokaci kumburi ne kawai, wani lokaci ba shi ba ne. Ya ce yanzu akwai sabon gwajin jini, PSA, wanda ke auna wani abu da ƙullutun yake zubarwa cikin jini. In lambar ba ta wuce huɗu ba, hankali kwance. In ta wuce, sai a ƙara bincike. Ba a yin gwajin a wurinsu, sai an aika da jinin, sati biyu.

Na ce, “In ba kumburi ba ne, mene ne?”

Ya ce, “Baba, bari mu ga jinin tukuna.”

Yarinyar da ta ɗebi jinin sau biyu tana kuskure jijiya. Na nuna mata inda za ta soka. Ta yi dariya, ta samu.

Juma'a, 28 ga Maris. Bayan masallaci.

Na yi sallah a sahun baya kusa da ƙofa, saboda ledar. Na tambayi liman hukuncin alwalata, ya ce mai lalura ne ni, in yi sabuwa kowace sallah, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Shi kaɗai na faɗa wa. To wa ya faɗa wa gari an ɗebi jinina an kai Legas?

Alhamis, 3 ga Afrilu. Hantsi.

Habu wanzami shekara ashirin yana yi mini aski. Yau na zauna a tabarmarsa, ya yi ta juya zabira, ya ce askarsa ta dakushe, ko ina da reza sabuwa a gida? Alhali yanzu ya gama aske Bature mai shayi da ita, tana ƙyalli.

Na ce, “Habu, faɗi abin da ke bakinka.”

Ya ce, “Wallahi Malam ba komai, mutane ne.”

Mutane ne. Na rame, an ɗebi jinina, an aika da shi Kudu, kuma na yi yawon aiki a ƙauyuka shekara talatin. Sun haɗa lissafinsu sun samu ƙanjamau. Na rubuta kalmar sau ɗaya, ba zan sake ba.

Na dawo gida na aske kaina da kaina. Na yanke a wuri uku.

Asabar, 5 ga Afrilu. Bayan magariba.

Tun da na dawo Doguwa muke cin tuwo a ƙofar gidan Yaya Shitu, mu shida, kowa ya fito da kwanonsa a haɗa. Yau an buɗe kwanon gidana ba wanda ya sa hannu sai ni. Miyar kuka da man shanu, Balaraba ta ɓata yamma guda a kanta. Na cinye tas a gabansu, har na suɗe. Cikina bai so ba. Gobe ma zan fito da shi.

Lahadi, 6 ga Afrilu. Bayan magariba.

Na fito da shi.

Talata, 8 ga Afrilu. Bayan isha.

Maijidda ta ce tafiyar tana wahalar da ni, ita za ta karɓo sakamakon tunda Bebeji ta fi kusa. Na yarda, kuskurena ke nan. Ta iso da yamma da ledar magani da lemo. Ta ce likita ya ce sanyi ne ya yi mini yawa, in sha wannan sati biyu.

Na ce, “Ina takardar?”

Ta ce sun riƙe a fayil.

“Lamba nawa?”

“Baba, ban duba ba.”

Maijidda da ta haddace lambar motar kowa a garin nan tun tana shekara bakwai. Ta shiga ɗakin uwarta suka turo ƙofa. Da suka fito duk sun wanke fuska.

Laraba, 9 ga Afrilu. Hantsi.

Yau an yanka mini kaza ba dalili. Ban ci ba.

Jinina ne. Daga hannuna aka zuƙe shi, ina kallo.

Juma'a, 11 ga Afrilu. La'asar.

Buba ya sauko daga ruga da ƙwaryar kindirmo. Abokina ne tun shekarar annobar bushiya, lokacin da muka kwana tara muna yi wa shanu allura, nasa suka tsira, na maƙwabcinsa da ya gudu da su daji suka ƙare. Ya ji abin da ake faɗa a kasuwa. Ya sa aka dama fura a ƙwarya ɗaya, ya karɓi ludayin daga bakina ya sha, kuma ya zaɓi mu zauna a waje, inda masu wucewa za su gani.

Na ba shi labarin takardar. Ya ce, “Malam, ka tuna bijimina fari? Ka ɗebi jininsa, ka dawo ka ce yana ɗauke da bakkale, shi ke sa shanuna ɓari. Na zage ka. Bijimi lafiyayye yana tsaye. Amma a fuskata ka faɗa mini, ba ka kewaya ka gaya wa matata ba.”

Na ce haka ne.

Ya ce, “To me kake jira?”

Litinin, 14 ga Afrilu. Bayan magariba.

Na ce wa Balaraba zan je Tudun Wada a canza roba. Na wuce Kano. Wannan ce ƙarya ta farko da na yi mata da gangan, kuma su suka fara.

Ba ranar ganin likitan ba ce. Na zauna a benci a ƙofar ofishinsa daga ƙarfe goma har azahar ta wuce. Ma'aikaciya ta ce in tafi in dawo da 'yata. Na ce ba jinin 'yata aka ɗiba ba. Da ya fito zai tafi sallah na miƙe na tsaya a gabansa.

Ya ce, “Baba, ai na yi wa Malama bayani.”

Na ce, “Likita, ni na kawo ta duniya, ba ita ta kawo ni ba. Na yi shekara talatin ina karanta takardar gwaji. Ka ba ni tawa.”

Ya ce iyalina ne suka roƙe shi, wai kada hankalina ya tashi. Na ce hankalina ya fi tashi da kazar da ake yanka mini ba dalili. Ya dube ni, ya koma ciki, ya buɗe fayil ya juyo mini da shi.

Arba'in da bakwai.

Huɗu ya ce. Na tuna sarai, huɗu.

Ya zauna ya yi mini magana kamar mutum. Ya ce lambar ita kaɗai ba hukunci ba ce. Toshewar fitsari tana ɗaga ta, roba tana ɗaga ta, ƙwayar cuta ma haka, kuma ni duk ukun na haɗa ranar da aka ɗiba. Shi ya sa ya ba da maganin sati biyu, don a sake aunawa. In ta sauko sosai, to. In ba ta sauko ba, sai a tsinko ɗan nama daga ƙullutun a duba, shi ne mai faɗar gaskiyar ƙarshe. Na ce, da abin da yatsanka ya ji fa? Ya ce ya ji tauri kamar dutse a gefe ɗaya.

Na ce a rubuta mini lambar da sunan gwajin, a buga hatimi. Ya yi. Tana aljihuna.

A mota na yi ta kallon noman rani a gonakin da ke shan ruwan Tiga, tumatir ja wur. Ban ji komai ba. Har yanzu ban ji komai ba.

Talata, 15 ga Afrilu. Hantsi.

Na ajiye takardar a kan tabarma a gaban Balaraba. Ba ta iya boko ba amma ta gane ta. Ta ce, “Malam, don kai muka yi.” Na ce na sani, kada a sake. Ta ce ba za a sake ba. Sannan ta ce ni ma kada in sake ce mata Tudun Wada alhali Kano za ni, direban ƙanin kishiyar yayarta ne, tun azahar ta sani.

Asabar, 19 ga Afrilu. Bayan magariba. Ana cikin Sallah.

Na fita ƙofar gidan Yaya da kwanon naman layyata da takardar. Kafin a buɗe kwano na ce ina da magana. Na ba Bature ya karanta, tunda ya yi firamare. Ya yi ta in-ina a kan haruffa uku. Na ce gwajin maza ne, na wani ƙullutu da kowannenku yake ɗauke da shi yanzu haka a zaune. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a aska. Ana zaton ciwon daji ne, ba a tabbatar ba. In an tabbatar ni zan faɗa muku da bakina, ba sai kun tambayi wanzami ba.

Yaya Shitu ya ce, “Haba Hamidu, a gaban jama'a?” Na ce a gaban jama'a aka ƙi cin tuwona.

Bature ne ya fara sa hannu. Biyu suka bi shi. Ɗaya ya ce ya ƙoshi. Allah ya ƙara masa ƙoshi.

Talata, 22 ga Afrilu. Bayan magariba.

Kano, ni da Maijidda. Da muka wuce Kwanar Dangora ta ce, “Baba, ka yafe mini.” Na ce ta riƙe mini jakata.

An fara ɗibar jini, an ɗauki hoton bayana, sannan aka tsinki naman. Na ce a yi duka yau, ba sai an jira ba, ba ni da bayan da zan riƙa zarya a wannan hanya. Da zafi. Na ciji hular da ke kaina.

Lahadi, 27 ga Afrilu. Azahar.

Zazzaɓi kwana biyu, ya sauka. Hadari ya haɗo ta kan duwatsu ya watse.

Alhamis, 1 ga Mayu. Hantsi.

Ba abin rubutawa. Ina cin abinci. Ina tafiya da ƙafata.

Asabar, 3 ga Mayu. Da asuba, bayan sallah.

Na roƙi Allah lambar ta sauko. Ban taɓa roƙon lamba ba. Na ji kunya, na sake roƙa.

Talata, 6 ga Mayu. Bayan magariba.

Hamsin da biyar. Ba ta sauko ba.

Naman ma ya dawo. Shi ne. Hoton ya nuna ya taɓa ƙashin baya a wuri biyu. Likita Ɗahiru ni ya kalla yana faɗa, Maijidda tana gefe, bai ko waiwaye ta ba. Na gode masa a kan wannan.

Ya ce ba a iya cire shi yanzu, ya riga ya fita daga gidansa. Amma ana iya hana shi abinci. Abin da yake ci shi ne abin da ke sa namiji ya zama namiji, kuma an san inda jiki yake yin sa. Akwai allura ta wata-wata, amma samunta a ƙasar nan sai an dace, wata ɗaya akwai, wata uku babu. Ko kuma aiki, ƙarami, na rabin awa, sau ɗaya.

Ya fara neman kalmar da zai faɗa mini. Na ce ya huta, na gane. Aikin da na yi wa bijimai da bunsuraye ba adadi, da hannun nan.

Maijidda ta tashi ta fita.

Laraba, 7 ga Mayu. Hantsi.

A'a.

Laraba, la'asar.

Ba zan yi ba. Su bar ni yadda Allah ya halicce ni, in koma masa haka.

Juma'a, 9 ga Mayu. Bayan masallaci.

Na cika alkawari, na faɗa wa mutanen ƙofar gida an tabbatar. Sun yi addu'a. Aikin ne ban faɗa ba, sai Yaya Shitu kaɗai, don shi ne babba. Ya miƙe tsaye. Ya ce ba a taɓa yi wa namiji haka a zuriyarmu ba, in na yarda me za a kira ni a garin nan? Gara mutum ya mutu da mutuncinsa. Ya ce in sha abin jarkar kawai.

Abin da na rubuta shekaranjiya ke nan, kusan kalma da kalma. Amma da na ji shi a bakin wani sai ya yi mini wari. Wata guda ke nan garin nan yana kirana da sunan da ya fi wannan muni, ban mutu ba. Yanzu kuma saboda bakinsu zan zauna ciwo ya cinye mini ƙashin baya, a riƙa juya ni a tabarma?

Na ce na ji. Yayana ne.

Lahadi, 11 ga Mayu. Hantsi.

Balaraba tana tsince wake na zauna kusa da ita na faɗa mata sunan aikin, da Hausa, ba kwana-kwana. Na ce tana da haƙƙi a ciki, in ta ce a'a an gama magana.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Zai rage ciwon bayan?”

Na ce haka ya ce.

“Za a cire robar?”

“Wataƙila.”

“Za ka ƙara kwana nawa?”

“Allah ya sani.”

Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta. Ta ce, “Malam, 'ya'ya bakwai na haifa maka, biyu muka binne tare. Me kuma ya rage da zan nema a wurinka in ba kai ba? Ka je a yi. Wanda ya ce wani abu ya zo ya faɗa a gabana.”

Na tashi na shiga bayan gida na daɗe. Ba robar ce ta tsare ni ba.

Laraba, 14 ga Mayu. La'asar. A gadon asibiti.

Gobe da safe. An kawo takardar yarda, ma'aikacin ya miƙa wa Maijidda biro. Ta nuna masa ni. Na karanta duka, har ƙananan rubutun, na sa hannu.

Yaya Shitu bai zo sallama ba. Buba ya raka ni tasha, ya ce in na dawo akwai maraƙi biyu da yake so in duba masa. Ƙarya yake, ya fi ni sanin maraƙi. Na ce zan zo.

Asabar, 17 ga Mayu.

An yi.

Alhamis, 22 ga Mayu. Hantsi. Gida.

Ba zan rubuta komai a kansa ba. Ina nan yadda nake. Muryata tana nan, na gwada ta a kan awakin maƙwabta da suka shigo mini gida.

Bayan ya yi sauƙi. Na yi zaton zuciyata ce take yaudarata, sai da na sunkuya na ɗaura takalmi ban dafa bango ba.

Juma'a, 30 ga Mayu. Bayan masallaci.

Zafi yakan taso mini haka kawai, gumi sharkaf, sai ya wuce. An gaya mini za a yi haka. Balaraba tana dariya, ta ce yanzu na san abin da ta sha shekarun baya ina ce mata raki.

Yaya Shitu ya shigo ya zauna, ya yi maganar taki da tsadar mai, ya tashi. A bakin zaure ya tsaya ya ce, “Ka yi ƙiba.” Ban yi ba. Na ce na gode, Yaya.

Talata, 3 ga Yuni. La'asar.

An cire robar, an sake ɗibar jini. Na yi fitsari da kaina, a tsugune, kamar kowa. Kaɗan-kaɗan, amma da kaina.

Talata, 17 ga Yuni. Bayan magariba.

Shida.

Daga hamsin da biyar. Likita Ɗahiru ya ce zai yiwu ta ƙara sauka. Ya kuma ce kada in ɗauka an warke. Ciwon kwanciya ya yi, bai mutu ba. Duk wata uku in zo a auna, domin ranar da zai farka jinin ne zai fara faɗa, tun kafin jikina ya ji. Kuma zai farka, wata rana.

Na ce, “Yaushe?”

Ya ce, “Wani shekara biyu, wani biyar, wani ya fi. Naka ban sani ba, Baba.”

Na daɗe ina kallon idonsa. Bai kawar ba. Da gaske bai sani ba.

An yi ruwa mai yawa a bayanmu, masara ta kai gwiwa, ciyawa na neman fin ta. Na sa an wasa mini fartanya. Duk mai son duba mara lafiya gobe, ya same ni a gona, ya taho da tasa.